Takalmin da Ba Ya Ciruwa

Zan faɗi abin yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya.

Yayana ya yi wa Turawa yaƙi a hayin teku, ya dawo babu ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Dawowarsa ta zo daidai da sauyin tuta. Waɗanda suka kai shi yaƙi sun tafi, waɗanda suka karɓi ƙasa ba su san da zamansa ba. Dungun ƙafar ya riƙa warkewa yana sake yin ruwa, sai aka kwantar da shi a wani ɗakin jinyar tsofaffin soja a Parakou, wai har ƙafafun katako su iso. Ni ina Djougou, ina riƙe da rumfar goron marigayi mahaifinmu.

Abu ɗaya Yaya yake so. So yake ya yi Idin babbar sallah a tsaye, a sahun da Baba yake tsayawa. Idin da ya wuce a kan kujera aka ɗauko shi, aka ajiye a gefen fili. Ya ce ba za a sake ba.

Ana gab da sallah wani mahauci mai kai shanu Parakou ya tsaya a rumfata, ya ce akwatin ƙafafu ya iso. Ni da ban taɓa barin huhun goro a buɗe ba, ranar na bar shi. Na hau kamiyo, babbar motar ɗaukar doya, har muka shiga gari.

Ɗakin nan, wari ne yake fara tarbar mutum, sannan ƙudaje. Gadajen ƙarfe ne babu katifa, sai tabarmar da kowa ya zo da ita. Bandeji wanke shi ake yi a shanya a taga, gobe a ɗaura wa wani. Magani jan magani ne kawai, shi ake shafa wa kowane ciwo. Anfirmiye, wato ma’aikacin jinya, guda ne, shi ne mai wanke miki, shi ne mai ɗebo ruwa. Abinci sai dangi sun kawo, wanda ba shi da kowa maƙwabcin gadonsa ne ke ci da shi.

Maƙwabcin Yaya wani tsohon sarjan ne, mutumin Borgu, shi ƙafar dama ya rasa. Yana ganina ya ce, “Ɗan Bahaushe, ka kawo goro ko kallo ka zo?”

“Na kawo, Baba sarjan.”

“To zauna. Yau ni da yayanka za mu daina zama mutum ɗaya mai ƙafa biyu.”

Anfirmiye ya ɓalle akwatin da guduma. Ga ƙafafu kwance cikin ciyawa, kowace da baƙin takalmin soja yana ƙyalli. Ɗaki ya kaure. Mai sanda ya taho, mai jan gindi ya taho, kowa na miƙa hannu. Ba na son hargitsi, sai na roƙi anfirmiye ya bar ni in taya shi, ya ce bismillah. Na yi yadda muke wa goro. Da farko na ware na hagu da na dama. Sannan dogaye da gajeru. Sannan aka fara gwaji, daga babba zuwa ƙarami.

Ta Yaya ta zauna daram. Ya ɗaure maɗauran, ya dafa kafaɗata, ya miƙe. Sai ya sake ni. Sarjan ya soma ba shi takin soja da Faransanci daga kan gado, “An, do, an, do,” sauran suna buga ƙarfen gado da cokali. Yaya ya je ƙofa ya dawo, yana dariya, gumi na zuba. Ni ma ban san lokacin da na shiga tafi ba.

Da ya zauna sai ya sunkuya zai kwance takalmin. Igiyar ta ado ce. An kafe takalmin da ƙusoshi, an bi da danƙo.

“Wannan fa ba ya ciruwa?” in ji Yaya.

Anfirmiye ya ce, “Haka suka zo. Kayan gwamnati ne, in kuka ɓata babu wata.”

Da muka koma Djougou, wurin liman muka fara zuwa. Ya ce in an goge takalmin babu najasa, sallah ta yi. Yaya ya yi godiya, amma muna fita ya ce mini, “Kowa ya tuɓe nasa, ni kaɗai in tsaya a tabarmar jama’a da takalmin soja, kamar na zo kamu? Kai ni wurin baduku.”

“Yaya, ka ji abin da aka ce. Babu wata.”

“Na ji. Kai ni.”

Baduku ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ja takalmin. Duk mun ɗauka akwai ƙafa a ciki, domin mu a saninmu takalmi ƙafa ake sa wa. Babu. Wani guntun katako ne kamar kan taɓarya, sauran kuma tsumma ne aka cusa. Takalmin shi ne ƙafar. Ga shi danƙon ya yage fatar, ba ya komawa. Yaya ya dubi abin.

Ban tsaya ba. Na aro keke na tafi hanyar Partago, na ɗauko wani masassaƙin turmi da gizagonsa. Na tsara musu aikin. Na farko, Yaya ya taka yashi mai laima da ƙafarsa mai lafiya, masassaƙi ya ɗauki awo daga sawun, ya juya shi hagu. Na biyu, ya sassaƙa tafin daga icen ƙirya, ya fafe gurbin da guntun zai shiga. Na uku, baduku ya lulluɓe shi da fatar akuya, ya ɗinke. Unguwa ta taru a ƙofar gidanmu tana kallo, mata na aiko da kunu.

A tsakiyar aiki Yaya ya ce a fitar da yatsu.

Masassaƙi ya ce, “Soja, wa zai ƙirga maka yatsu a filin Idi?”

“Ni. Kuma ka raba babban da na kusa da shi, takalmi zan sa.”

Baduku ya ɗinka masa takalman fata masu maɗauri, ƙafa biyu, ba ɗaya ba.

Ranar sallah da hantsi muka fita a ƙasa. Na so in riƙe shi, ya ture hannuna. Yana ɗingishi kaɗan, katakon na ƙara, mutane na buɗa masa hanya suna yi masa barka. Da muka kai bakin tabarmi ya tsaya. Ya zame takalmin dama. Ya sa ɗan yatsa ya zame na hagu. Ya haɗa su tafi da tafi kamar kowa, ya miƙo mini, ya taka tabarma ya wuce sahun Baba.