Rigar Wata Makaranta, Hijabin Wata

Wata rana cikin watan jiya, na raka maƙwabciyata kotu a nan Funtuwa. Abin da na gani ya hana ni sukuni har yau.

A kan benci na hango wata yarinya, ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Rigarta shuɗiya ta wata makaranta, hijabinta kore mai tambarin wata makarantar daban. Sai kaɗa ƙafa take yi tana leƙen ƙofa.

Kun san ni da shisshigi. Na matsa kusa da tsohuwar da ke gefenta, ashe kakarta ce. Ita ta ba ni labari.

Sunan yarinyar Mardiyya. Iyayenta sun rabu tana aji huɗu, kowa ya rantse shi zai riƙe ta.

Uban ya sa ta a makarantar unguwarsu. Uwar ma ta sa ta a ta unguwarsu.

Ana tsakiyar zango ya zo ya ɗauke ta. Kawunnanta su je su ƙwato ta. A kai ƙara. A ɗage shari'a. A sake ɗagewa.

Nan a ce ba ta zuwa, can ma a ce ba ta zuwa. Kowace makaranta ta ce sai dai ta maimaita.

Ƙawayenta suna shirin jarrabawar shiga sakandare, ita tana nan inda aka bar ta.

Da aka kira su na bi bayansu na zauna. Uban yana kumfar baki, shi ke da 'ya. Uwar tana hawaye, ita ta sha wahalar raino. Babu wanda ya kalli inda yarinyar take.

Sai alƙali ya tsayar da su.

"'Yata, wajen wa kike so ki zauna?"

"Allah ya gafarta Malam, ko wajen wa. A dai bar ni in gama aji huɗu."



Uban ya waiwayo yana tambaya, wai ba aji shida take ba? Uwar ta sunkuyar da kai. Wallahi raina ya ɓaci.

Aka sake ɗage zaman.

A bakin ƙofa na ji Mardiyya tana jan hannun tsohuwar, tana cewa su yi sauri kafin a tashi daga makaranta. Can sai ta tsaya cak.

"Kaka, yau wacce zan je?"

Tsohuwar ta gyara mata hijabin, ta kama hannunta suka wuce.

Darasi: In aure ya mutu, ku fara zama kan karatun yaro kafin ku fara rigimar wa zai riƙe shi. Ana ɗage shari'a, amma shekarun yaro ba sa jiran kowa.

Ka san wasu iyayen da ke jan 'ya'yansu haka? Tura musu wannan tun zangon bana bai ƙare ba.