Horon Wata Uku

Mu Kirista ne tun kakanmu, a wani ƙauye yamma da Ƙanƙara. Ni dai tun ina saurayi na bi babbar mota, na san Legas, na san Fatakwal, na sha shayi a Agadas, kuma a hanya Lahadina ta zube ban ma ji faɗuwarta ba. Yayana kuwa shi ke riƙe da makullin coci. Shi ke shara, shi ke jera benci. In na zo gida nakan ce, "Yaya, ka riƙa sako sunana a addu'a, kai da ka san ƙofar ofishin." Sai ya ce, "Zo da ƙafarka, ɗan tasha."

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, sai suka ce kowane magidanci zai yi musu noma daga Litinin zuwa Asabar. Rana ɗaya suka bar wa mutum ya duba tasa gonar, Lahadi. Ciyawa ta shanye dawar Yaya, ga bakuna a gida. Wasu sukan bari a tashi sujada su sulale gona. Shi kuwa wata Lahadi ya saɓi fartanya tun da sassafe, makulli na aljihunsa bai tuna ba. Jama'a suka taru a ƙofar coci, har da tsofaffi, ruwa na dukansu.

Dattawa suka zauna suka sa shi a horo na wata uku. A wajenmu wanda ke horo bencin baya yake zama, ba ya cin Jibin Ubangiji, ba a ba shi addu'a. In kwanaki sun cika, fasto ya kira shi gaba, jama'a su ce sun karɓe shi, shi ke nan. Yaya bai yi musu ba. Ya miƙa makulli da hannu biyu.

Saura kwana ashirin horon ya cika 'yan bindiga suka shigo ƙauyen. Ba zan ba da labarin ranar ba, ba na nan, kuma waɗanda ke nan ba sa son bayarwa. Kowa ya kama gabansa. Fasto ya ɓace mana, dattawa biyu sun rasu, sai bayan watanni Yaya da iyalinsa suka samu ɗaki a Faskari.

Akwai 'yar coci a gefen gari. Ran Lahadin farko Yaya ya shiga ya nemi bencin baya ya zauna. Babu wanda ya san shi, balle ya san laifinsa, da ya wuce gaba da ba mai cewa uffan. Shi da bakinsa ya je ya gaya wa faston wurin, wani matashi mai kirki. Faston ya ce, "Baba, ai wata uku sun daɗe da wucewa, taso gaba." Yaya ya ce a'a, wanda ya ɗaure shi ke kwancewa.

Ranar Jibi, in an fara zagayawa da farantin gurasa, sai ya fita don kada a yi ta kallonsa. Daga nan ya koma zama gindin dalbejiya a waje, yana jin wa'azi ta taga. Daga baya ko dalbejiyar ya bari. Shekara huɗu ana haka.

Matar Yaya ce ta tare ni ina cin tuwo. "Kai, mijin wahala, duk yawon nan naka ba ka iya nemo mana mutum ɗaya? Yayanka zai mutu a bencin baya kana can kana shan shayin Buzaye."

Na ce, "Uwargida, ni da nake nemo akuyar da ta faɗo daga mota a Jebba?"

Ta ce, "To nemo fasto."

Na yi ta cigiya a tashoshi, har wani mai lodin masara a 'Yankara ya ce ya gan shi a kasuwar Sabuwa. Can na same shi a rumfa yana sayar da maganin feshi, ya rame, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa na ce, "Baba Fasto, ina wuni?"

Ya waiga hagu da dama. "Bar kiran nan, ɗana. Na ajiye."

Matarsa aka tafi da ita daji ranar da aka shigo ƙauyen, ba ta dawo ba. Ya ce tun daga nan in ya buɗe baki zai yi addu'a sai ya ji kamar yana magana cikin randar da ba ruwa. Na bari ya gama, sannan na kawo maganar horon Yaya.

Ya ce, "Wane horo?"

Ya manta. Sai da na tuna masa makulli da ruwan sama, sannan ya dafe kai. "Har yau? Wayyo, bawan Allah." Ya yago gefen kwali ya nemi biro, sai kuma ya tsaya. "Ni da rabona da coci tun ƙauye, rubutuna zai yi aiki?"

Na ce, "Baba, lasisina ya taɓa mutuwa shekara biyu, mota ba ta sani ba."

Ya yi 'yar dariya, ya rubuta cewa horo ya cika, a karɓi ɗan'uwa, ya sa hannu.

Da na kai Faskari na karanta musu, matar Yaya ta rangaɗa guɗa, ta wanke masa farin kaftani. Shi dai ya karɓi kwalin yana jujjuyawa. Ban gaya masa fasto ya manta ba, ban kuma gaya masa abin da yake sayarwa ba.

Ran Lahadi muka fita tare, ni ma na ari hula. Matarsa ta riga mu, tana cikin zumuntar mata. Muna kusa da ƙofa, ana jin kiɗan tulu da kacau-kacau, sai Yaya ya tsaya.

Na ce, "Mu je mana, ko sai an kawo maka doki?"

Ya ce, "Ƙanena, shekara huɗu ina cewa horo ne ya hana ni. Ko a raina haka nike cewa. Jiya na rufe ido in gode wa Allah, na jira, na jira, ban ji kowa ba. Ban san ran da ya tafi ba. Da ina bencin baya ko ba komi ina da abin da nike jira."

Na ce, "Shiga dai, wataƙila shina ciki."

"In na shiga za su tambaye ni gaban jama'a ko na tuba da zuciya ɗaya. Mi zan ce? In yi ƙarya in ci gurasar?"

Ya share ido da hannun kaftani, ya miƙo mini kwalin. "Riƙe mini. Kada ka nuna wa matata na ba ka."

Muka juya. A hanya ya tsaya wajen mai rake ya saya mana, muka zauna kan wani kututture muna sha, har muka hango mata sun fara fitowa daga coci. Sai ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce mu yi sauri mu riga matarsa gida.