Na Kunu Ne, Malam

Duk wanda ya zauna a Kakuri ta bayan layin dogo a shekarun tamanin ya san Malam Tanimu mai inji. Dogo ne siriri, mutumin Kauru. Kunnensa na hagu ba ya ji sosai, don shekara goma sha ɗaya ya yi tsaye gaban injin saƙa. Da aka rage ma'aikata a masaƙa a tamanin da huɗu, sunansa ya fito a ciki. Bai koma gida ba. Ya je Panteka ya sayo tsohon injin niƙa, ya kafa shi a wata rumfar kwano jikin gidan hayarsu. Matarsa Ladidi takan ce tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa yi masa maganar sirri ba, sai dai ta yi shela.

Mutum ne mai kiyaye addini. Ko robobin niƙa sun jeru har bakin titi, da an kira azahar zai kashe inji, ya kakkaɓe garin da ke gemunsa, ya ɗauki buta. Litinin da Alhamis ba sa wuce shi bai yi azumi ba. Giya kuwa, ko ƙofar gidan da ake sayar da ita ba ya bi, gara ya tsallake kwata ya zagaya.

A gidan hayar nan akwai Celina, wadda ake kira Maman Bitrus, mutuniyar Zonkwa. Mijinta Joseph abokin aikin Tanimu ne, injinsu na kusa da juna a masaƙa. Ranar da naƙudar fari ta kama Ladidi, Tanimu yana wurin aiki, Celina ce ta riƙe ta har asibiti, ita ce kuma ta yi mata ruwan wanka har aka yi arba'in. Da Joseph ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, sai ta koma sana'ar da ta taso ta ga uwarta na yi. Tana dafa burkutu a gidan wata yayarta can gangaren unguwa.

Wata Litinin da safe ta sauke daro a gaban injin, an rufe shi da tsohon zane. Tanimu ya yaye zanen. Jar dawa ce da aka jiƙa, aka rufe har ta tsiro, aka shanya. Kowane mai niƙa ya san tsiro, ko ido rufe ƙanshinsa mai zaƙi-zaƙi zai gaya maka. Masu kunun zaƙi sukan ɗan barbaɗa tafi guda a gasararsu. Amma daro cike da tsiro zalla, ba a taɓa dama kunu da shi ba.

Ya dubi dawar, ya dubi matar abokinsa da baƙin ɗankwalin makoki har yanzu a kanta.

"Maman Bitrus," ya ce, "wannan... na kunu ne ko?"

Ta ɗan jima tana kallonsa.

"Na kunu ne, Malam."

Ya zuba a inji.

Haka abin ya zauna, Litinin da Alhamis, ranakun da bakinsa ke ɗauke da azumi. Ba ya taɓa zubawa sai ya yi tambayar, ita ma ba ta taɓa sauya amsa ba. In ta tafi, sai ya bi injin da dusa har sau biyu kafin ya zuba masarar wani.

Wata rana bayan la'asar, limaminsu Malam Shu'aibu ya zo kan babin giya a karatu. Ya ce haramcinta ba abin gardama ba ne, kuma zunubin bai tsaya kan mai sha ba. Ya shiga lissafo waɗanda tsinuwar ta haɗa: mai tace ta, mai ɗaukar ta, wanda aka ɗauko wa, mai zubawa, mai sayarwa. Tanimu yana naɗe yatsunsa a ƙarƙashin riga har suka ƙare. Bai ji an ce mai niƙa ba. Sai liman ya ƙara da cewa duk wanda ya taimaka alhali ya san abin da za a yi, yana ciki, wanda bai sani ba kuwa ba a kama shi.

Wannan ta ƙarshen ya ɗauko ya dawo da ita gida. Ai ya tambaya. An ce masa kunu.

Ladidi ba ta bar shi ya sha ruwa da daɗi ba. "Malam, wane irin kunu ne wannan da ƙattai ke sha suna gaida falwaya?"

Ya juyo mata kunnen hagu. "Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai."

Ya ji ta. A sujada ma yakan ji ƙanshin tsiron a hannun rigarsa, sai ya tsawaita istigfari ba tare da ya kira sunan laifin ba.

Shekara uku aka yi a haka. Ran wata Alhamis, cikin azumin Kirista na tamanin da takwas, Celina ta sauke daronta. Ba kowa a rumfar sai su biyu, inji yana ta ruri.

"Na kunu ne ko?"

Bai ji amsa ba. Ya zaci kunnensa ne, ya sake ɗaga murya. Sai ta zagayo ta damansa.

"Malam, kashe injin nan."

Ya kashe.

"Na giya ne. Burkutu zan dafa. Ka sani, na sani, Ladidi ta sani, awakin layin nan ma sun sani, su ke cin dusar." Ba faɗa take ba, muryarta a kwance take. "Kowace Asabar in durƙusa gaban Fada a coci in ce na yi ƙarya sau biyu. Har ya haddace ni. Wancan satin kafin in buɗe baki ya ce, mai injin ne kuma? Giyar tawa ce, ni da Allahna za mu yi maganarta. Amma ƙaryar nan taka ce, Malam. Ajiya ka ba ni, na gaji da riƙo."

Tanimu ya dubi daron. Shi duk tsawon lokacin nan giyar yake tsoro. Bai taɓa tsayawa ya ga cewa da bakin matar Joseph yake wanke hannunsa ba, sau biyu a mako, ita kuma tana amsawa don ba ta da wani injin kusa.

"In za ka niƙa, ka niƙa da saninka," ta ce. "In ba za ka niƙa ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Amma ka faɗa da bakinka."

Ya daɗe yana murza bel ɗin injin da yatsa.

"Ba zan iya ba, Maman Bitrus. Haramun ne a gare ni. Tun ranar farko ma haramun ne. Ki yafe mini abin da na sa ki."

"Na yafe. Zan kai wa Emeka."

Injin Emeka yana can cikin kasuwa, sai an tsallake layin dogo an yi tafiya mai nisa. Ta mayar da zanen, ta naɗa gammo, ta tsuguna ta kama gefe ɗaya na daron, ta jira. A rumfar niƙa ba a roƙon wannan, mai inji ne ke kama ɗaya gefen ya ɗora wa mace kayanta. Shi ma jikinsa ya saba, har ya sunkuya. Sai muryar liman ta faɗo masa: mai ɗaukar ta. Hannuwansa suka tsaya a iska, sannan suka koma gefensa.

Celina ta ɗago ta dube shi.

"Au," ta ce. "Haka ne fa."

Ta sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ta jawo daron kan cinyarta, daga nan kafaɗa, daga nan ka. Dawa ta zubo mata a wuya. Sai da ta yunƙura sau biyu kafin ta miƙe. Yana tsaye kamu ɗaya daga gare ta.

Malam Tanimu ya ƙara shekaru yana niƙa a rumfar nan, bai sake karɓar tsiro ba ko da tafi guda ne. Niƙan shekara ukun ya san sunansa yanzu, ya san yadda ake tuba daga gare shi, ya kuwa tuba. Gaisuwa ba ta yanke tsakaninsa da Celina ba. Sai dai duk safiyar da ta wuce ta gaban rumfar da daro a ka, wuyanta a sandare, yakan sami abin gyarawa a ƙarƙashin inji har ta sha kwana.

Sau da yawa yakan tsaya bayan an shafa fatiha, da niyyar ya tambayi Malam Shu'aibu hukuncin hannun nan da ya janye, sai kuma ya ɗauki takalmansa ya fita. Tsoronsa kada a ce masa daidai ya yi.