Ranar da Inna ta goya ni a Jambutu

Ina ɗan shekara takwas yaƙin Cadi ya kore mu daga Njamena. Mahaifina ya tsaya a Kuseri, bakin iyakar Kamaru, yana dakon ranar da zai koma shagonsa, ya turo ni da mahaifiyata Garwa, gidan yayansa da ke unguwar Jambutu. Aka sauke mu a ɗakin ajiyar gyaɗa. A nan ƙyanda ta kama ni, ta sauka a idanuna har suka liƙe da kwantsa.

Ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban surukai, balle tana cin tuwonsu. Kakata ta wajen uba ce mai ta-cewa a kaina, ita kuwa ta hana a fitar da ni, wai iska ce ke mayar da ƙyanda ciki.

"Hajiya, idon yaron nan fa," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Oho, yau kuma ke ce mai yaro? Maigidana raki kawai yake yi, don kada ya biya kuɗin cefane."

Matan gida suka yi dariya. Da gari ya waye Inna ta ɗaura ni a baya da zani, ƙafafuna na dukan gwiwoyinta, ta ratsa tsakar gida ta fice.

Ban ga hanya ba, amma na ji yaran unguwa. "Ga jaririn Cadi! A ba shi nono!" Na yi ta zillo, ina cewa ta sauke ni, har na gantsara mata cizo a kafaɗa. Sai ta kira sunana, da ƙarfi, a bainar jama'a, ta ce in natsu. Ban taɓa jin sa daga bakinta ba. Abin da na ji a lokacin kunya ce: uwata ta zubar mana da mutunci.

A asibiti aka wanke idanun, aka sa magani. Na dama ya tsira, na hagu ya yi hakiya. Har muka bar gidan, Inna ita kaɗai take cin abincinta a ƙofar ɗaki, ni kuwa ina cikin masu kauce mata. Na yi karatu har jami'a da ido ɗaya, kuma sai bayan rasuwarta na tambayi kaina wane ne ya kamata ya sunkuyar da kai a gidan nan.