Mai Na'ura Ya Daina Ƙetarowa

Tun da na haihu nake tsoron ruwa. Ni da na tashi ina wanki a bakin kogi, sai ga shi ko randa zan leƙa sai na ƙara ɗaure goyona. Na sa a raina ɗiyata ba za ta shiga jirgi ba sai ta yi ƙafa.

Ubanta masunci ne, yana su can cikin Benin. In ya samu, sai ya turo cikin katina. Ban taɓa gane yadda kuɗin ke zuwa ba. Da hantsi nakan zauna ina kallon balbelu suna ƙetare kogi, in ce ƙila haka nawa ke tahowa, farare, ba su ko jiƙewa.

Akwai wani mai na'urar cire kuɗi da kan ƙetaro ƙauyenmu daga Lolo, har da babur ɗinsa cikin jirgi. Yakan tsaya gindin tsamiya, ya ɗaga na'urar sama yana juyawa a hankali, don sabis ɗin Benin na riga namu kamawa. Cajinsa da zafi. Surukata takan ce, "Kai ɗan nan, da kai aka jefa tarun?"

"Inna, babur ba ya shan ruwan kogi."

Wata rana rediyo ta ce gwamnati ta ƙayyade cajin da masu na'ura za su riƙa cira. Har na fara jin ƙamshin sabulun da zan saya da rarar. Da ya zo, mazan gari suka ce sai ya bi doka. Ya bi, bai ja da kowa ba. Daga ranar ba mu sake ganinsa ba.

Sai zazzaɓi ya kama yarinyar, mai kemis kuma ba ya karɓar kati. Tana nono, ba damar in bar ta. Ran kasuwar Lolo na shiga jirgi.

Tsohon da ke tuƙi ya ce, "Kwance ta, ɗiyata, ki riƙe ta a cinya." Na kwance. Ruwan kwance yake lumui, gajimare na tafiya a cikinsa, har na rasa ko mu ke motsi ko gaɓar ce ke matsowa. Zafin jikinta na ratsa zanena. Ban daina salati ba sai da jirgin ya daki yashi.

A Lolo na sami mai na'urar cikin rumfa. Ya cire kaɗan, kamar yadda rediyo ta faɗa. Ya dubi goyona, ya ce, "Ki yi haƙuri, ba ya fitar min ne."

Rarar ta tafi a kuɗin jirgi. Yarinyar ta warke, amma duk turowar ubanta sai mun ƙetara.

Mai karatu, in ka san wanda ke kusa da masu yin dokar nan, ka gaya musu mun gode. Amma su duba mu da ke hayin ruwa, su samo mana mai na'ura a gaɓarmu.