Zaren Baba Ayuba da babur ɗina mai caji

Karo na uku ke nan babur ɗin nan mai caji ya watsa ni cikin taɓo a hanyar gona, bayan Kudenda. Ba kuloci, ba ƙara, kana taɓa totur sai ya zabura. Matata ta riga ta ce in na sake dawowa da ciwo, sayar da shi za a yi.

Ina karkaɗe wando sai ga Baba Ayuba, maƙwabcina a gona, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Ya ciro zaren ɗinki daga aljihu, ya ɗaura a bayan babur, ya riƙe ɗaya bakin.

"Mu je, ɗana, ina biye da kai. Kada ka tsinka shi."

Sau huɗu ina tsinkawa. A na biyar na murza totur a hankali, muka haye taɓon tare.

Na ce, "Baba, a ina ka koyi babur?"

"Ban taɓa tuƙawa ba. Masaƙa aka rufe, hannun bai manta yadda ake lallaɓa zare ba."

Shekara da shekaru, "sannu Baba" kawai ke haɗa mu. Ku fa, wane dattijo kuke wucewa haka?