Gayaunar Yayana

A gidanmu ba a ba yaro kuɗin kashewa. Ba wai babu ba ne. Gidan gandu ne babba a wani ƙauye kusa da Beli, rumbuna a cike, shanun huɗa a turke. Baffa ne ya hana, wan mahaifinmu, wanda ragamar gidan take hannunsa tun rasuwar kakanmu. Shi a wurinsa kwabo a hannun yaro lalacewa ce. Sisi ko sule sai dai da sallah, shi ma daga hannun baƙi. In yaro ya yi ƙarfin halin tambayarsa kuɗin alewa, sai ya murɗe masa kunne ya ce, "Hannuwan nan naka na ado ne?"

Ni ban ƙi wannan magana ba, har gobe. Abin da aka yi da sunanta ne yake yi mini ciwo duk sanda na tuna.

A wajenmu idan yaro ya isa riƙe fartanya akan yankar masa gayauna, wato ɗan fili nasa na kansa, ya riƙa nomawa da yamma bayan an tashi daga gonar gandu, da kuma ranar Juma'a. Duk abin da ya fito nasa ne, ya sayar ya yi buƙatarsa. Shekarar da Yayana, ɗan farin iyayenmu, ya gama firamare, lokacin da takin zamani ya fara gagarar talaka, Baffa ya kai shi bakin burtali ya nuna masa tasa. Fako ne, ƙasa ja mai tauri kamar daɓen ɗaki, ko akuya ba ta tsayawa a wurin.

"Ga taka nan," in ji Baffa. "Namiji ba ya zaɓen ƙasa."

Yaya ya dawo gida yana murna kamar an ba shi fadama. Tun daga wannan rani ya hana kansa zama. Akwai ruga a bayan garinmu, ya je ya shirya da makiyayan wurin, yana yanko wa maruƙansu ciyawa, su kuma suna barinsa ya kwashi kashin shanu. Ya roƙi aron jaki da mangala, Baffa ya ce jakin gandu ne, ba na gayauna ba. Sai ya koma ɗauka a kwando bisa kansa, ruwan takin yana bin wuyansa. Ni ina ƙarama, aikina tara masa tokar murhu da sharar akurki. Wari ya kama shi har Inna ta daina barinsa ya shiga ɗaki sai ya yi wanka da sabulun salo, yaran gari kuma suka riƙa toshe hanci in ya wuce. Ko a jikinsa.

Daminar farko gyaɗar da ya shuka ba ta taka kara ta karya ba. Ta biyu kuwa sai ga fako ya yi kore shar. Ni nake dafa masa gyaɗar in kai talla, ranar kasuwar Rogo mu tafi tare, shi da ɗanya ni da dafaffiya. A nan na fara riƙe kuɗin da babu wanda ya ba ni kyauta. Na sayi ɗan kunne da silifa, na yi ta yawo a tsakar gida don a ji ƙararsu. Shi ya sayo wa Inna kananzir, ya ɗinka wando, sauran ya adana. Burinsa shekara mai zuwa ya sa masara, ya sayi keke.

Baffa kuwa baki har kunne. Ya zauna a dakali bayan la'asar yana gaya wa dattijai, "Ku dubi yaron ƙanina. Ban taɓa ba shi ko kwabo ba. Haka ake tarbiyya." Su kuma suna gyaɗa kai suna sa masa albarka, shi Baffan, ba mai ɗaukar kwandon ba.

Da bazara ta uku, ana sharar gona, Baffa ya bi ta bakin burtali, ya sa yatsan ƙafa ya tona, ya ga ƙasa ta yi baƙi ta yi laushi. Da yamma ya kira Yaya zaure, Baba yana zaune gefe. Ni na kawo musu fura, ban samu fita ba aka fara maganar.

"Wurin nan zai koma gandu," in ji Baffa. "Masara za a sa. Na yankar maka wani can gefen kwazazzabo."

Yaya ya ce, "Baffa, ai can ma fako ne."

"To, ba ka iya gyarawa ba yanzu? Abin da nake koya maka ke nan."

Yaya ya juya ya dubi Baba. Shi kuwa Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba tun da aka haife shi, saboda kunyar ɗan fari. "Yaron nan" yake cewa, ko "wancan". A gaban mutane ba ya yabonsa, ba ya shigar masa faɗa, don kada a ce yana son kai. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, ya ce wa wansa, "Yadda ka gani. Ai ɗanka ne."

Na ruga cikin gida na gaya wa Inna, ina tsammanin za ta yafa mayafi ta fita. Ta ce, "Ni in buɗe baki a kan wannan? A ce na rasa kunya?" Ta shiga madafa tana hura wuta tana share hawaye da haɓar zane. Har yau in na ji ana yabon irin wannan kawaici raina ɓaci yake yi. Babba ya ƙwace gumin yaro da rana tsaka, waɗanda suka haife shi suna kallo, kuma kowa na cewa gidanmu gidan mutunci ne. 'Ya'yan Baffa na cikinsa kuwa, gayaunarsu tana bakin fadama, ba a taɓa canza musu wuri ba.

Masara ta yi kyau a wurin, har mutane suna tsayawa kallo. Da ta nuna, Baffa ya aiko mana da 'yan goyo a faifai, wai a gasa wa yara. Inna ta tasa mu gaba, ni da Yaya, mu je mu yi godiya. Muka durƙusa. Na ji Yaya da kunnena yana cewa, "Mun gode, Baffa, Allah Ya ƙara girma." Ban iya cin masarar nan ba.

Sabuwar gayaunar ya karɓa, amma ko kwando ɗaya na taki bai kai mata ba. Ya watsa iri ya bar wa Allah, ciyawa ta cinye. Aka fara cewa yaro ya lalace, ya zama rago. Bayan 'yan shekaru ya koma Ƙaraye ya zama direba, bai sake taɓa fartanya ba.

Yanzu kullum da safe yana jera 'ya'yansa ya danƙa wa kowa kuɗi a hannu, babu mai sana'a a cikinsu, babban ma ko keken ɗinki bai iya takawa ba. Na taɓa yi masa magana, na ce, "Haba Yaya, ka nema musu abin yi mana, ko kiwon kaji ne."

Ya ce, "Bar su. Ɗana ba zai gyara wa wani gona ba."